Igiyar kora, labulen sanda ko riƙe tarkacen kifi: wanne ya fi tsare tsuntsayen teku a bayan jirgin jan taru?

Duk jirgin da ke jan taru a teku yana kuma gyara kifinsa a ciki, gayyar tsuntsaye yake yi, ya sani ko bai sani ba. Ana feɗe kifi a ƙasa, kawuna da hanji da ƙananan kifayen da ba su da kasuwa suna fita ta kafar zubarwa, ruwa yana kwasarsu yana bi da su ta gefen jirgi zuwa baya. A bayan nan kuwa wayoyin ƙarfe biyu ne suka fito daga jirgi suka nutse cikin ruwa, su ne ke jan tarun. Wato abincin yana bi ta daidai inda waya ke sarar ruwa. Raƙuman ruwa suna ɗaga bayan jirgi suna saukewa, waya tana sama tana ƙasa. Tsuntsun da ya sauka yana wawar abinci da fikafikai a ɗage, sai waya ta same shi a fiffike, fiffiken ya naɗe ta, ƙarfin ruwa ya danna shi ƙasa. Shi ke nan.

Wanda abin ya fi ci shi ne albatros, babban tsuntsun teku mai dogayen fikafikai, wanda a cikin danginsa akwai mai faɗin fikafikai fiye da mita 3. Ƙananan tsuntsaye sukan bugi waya su girgije su tashi. Shi kuwa tsawon fiffiken da ke ba shi damar yin kwanaki yana shawagi a kan teku, shi ne ke ja masa. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, wasu nau'o'in ma sai shekara biyu-biyu, kuma ɗan ba ya fara haihuwa sai ya yi shekaru da dama, wani har 10. Uwa da uba ne ke karɓa-karɓa wajen kwanci da ciyarwa, in ɗaya ya mutu a teku ɗan da ke sheƙa ma ya bi shi. Tsuntsu irin wannan ba ya mayar da gurbi da wuri.

An daɗe ba a farga ba saboda gawar ba ta hawowa doron jirgi. A mamari, wato su da doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, tsuntsun da ya haɗiye ƙugiya yakan taho tare da igiya kowa ya gan shi. A wayar jan taru kuwa sai wanda ya maƙale a mahaɗin waya, inda siraran ƙarafa suka miƙe suka yi tsini. Sauran duk ruwa ke tafiya da su. Saboda haka kyaftin ɗin da ya rantse cewa jirginsa bai taɓa kashe tsuntsu ba, ba lalle ne ƙarya yake yi ba: yana can gaba yana tuƙi. Sai da aka zaunar da masu sa ido a bayan jirgi suna ƙirga bugu ɗaya bayan ɗaya, sannan girman ɓarnar ya bayyana. A Tsibiran Fokland an kiyasta cewa jiragen jan taru sun kashe tsuntsaye fiye da 1,500 a kakar 2002 zuwa 2003, yawancinsu albatros mai baƙar gira. A Afirka ta Kudu, jiragen kifin hek suna kashe kimanin 9,300 a shekara a tsakanin 2004 da 2005, wajen 7,200 daga ciki albatros ne.

Kafin mai jirgi ya sayi wani abu, ko hukuma ta rubuta doka, akwai tambayar da ke gaba da duk sauran: a ina tsuntsu ke mutuwa a wannan jirgin? Wurare uku ne. Akwai wayoyin nan biyu na jan taru. Akwai waya ta uku, siririya, mai ɗauke da saƙo daga na'urar da ke bakin taru zuwa ɗakin tuƙi, ga jiragen da ke da ita. Sannan akwai tarun kansa, lokacin da yake kwance a kan ruwa ana sakinsa ko ana jawo shi. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya, kuma kuɗi da yawa sun salwanta wajen tsare inda ba a mutuwa.

Igiya ko labule

Igiyar kora ba ta da wani abin mamaki. Irin dabarar manomin da ke ratsa gonarsa da igiya mai tsummoki ce don tsuntsaye su ji tsoron sauka. Ana ɗaure igiya a wuri mai tsayi a bayan jirgi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce daga wajen wayar jan taru. A ƙarshenta akwai wani abu mai jan ruwa, ƙwallon roba ko makamancinsa, wanda ke miƙar da ita. A jikinta kuma zirin roba ne masu launi mai ɗaukar ido suke reto har su taɓa ruwa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mita 5 ba. Igiyar dole ta zarce inda waya ta shiga ruwa. In an yi daidai, wayoyin biyu suna tafiya ne a cikin wani lungu da tsuntsu ba ya son kutsawa, musamman babba wanda ba ya iya juyi a ƙunci. Masu sun mamari na Japan ne suka fara amfani da ita, daga baya aka gyara ta don jiragen jan taru.

A gwaji, ita ce kan gaba kusan duk inda aka haɗa ta da wani abu. A Fokland an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da labulen sanda da kuma abin da ake ratayawa a jikin waya, waɗanda bayaninsu ke tafe, ita ta fi rage bugu da mutuwa, aka mayar da ita dole a 2004. Afirka ta Kudu ta sa ta cikin sharuɗɗan lasisin jiragen hek a 2006, kuma zuwa 2010 kiyasin ya sauko ƙasa da tsuntsu 1,000 a shekara, albatros a ciki bai kai 100 ba. Raguwar yawan fita su a shekarun ta taimaka, amma kaso mafi tsoka na igiyar ne, da kuma ma'aikatan ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife da suka riƙa shiga jirage suna nuna wa masunta yadda ake sakinta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba: igiya, bututun roba, ƙwallo. A can ma wata ƙungiyar masu buƙata ta musamman da ke Ocean View kusa da birnin Kef Tawun ce ke haɗa su da hannu tana sayar wa jirage.

To me zai hana kowa ya ɗauke ta ya huta? Iska. In iska ta bugo daga gefe, igiyar da ke ɓangaren iskar takan karkato ta hau waya, ta ɗayan ɓangaren kuma ta yi nesa ta bar wayarta tsirara. In ta naɗe waya, sai wani ya leƙa bayan jirgi cikin sanyi da santsi ya warware ko ya yanke, kuma ma'aikacin da ya yi haka sau biyu cikin dare ba sai an gaya masa ya ƙi jininta ba. Bayan haka, aba ce da ake saki ana naɗewa a kowane jefi. Ba a sakinta sai allunan ƙarfen da ke buɗe bakin taru sun nutse, ana kuma janye ta kafin a fara jawo taru, don haka akwai mintuna a farko da ƙarshe da waya ke nan ba tsaro. Rana tana cinye launin robar, zirin suna tsinkewa, kuma igiyar da rabin zirinta ya zube sunanta kawai igiyar kora. Tsuntsaye kan bugi igiyar ita kanta ma, ko da yake bugun igiya mai laushi ba ɗaya yake da na ƙarfe ba.

Matsalar naɗewar nan ce Leandro Tamini na ƙungiyar Aves Argentinas ya zauna a kai. Ya ƙera wani ɗan allo mai ƙafafu a ƙasa da ake ɗaurawa a ƙarshen igiya a maimakon ƙwallo. Yadda aka karkata ƙafafun yana sa ruwa ya riƙa tura shi waje, sai igiyar ta nisanci waya ko da iska na matso ta. Ana kiransa Tamini Tabla. A ganina duk wanda zai yi aiki a teku mai iska, ya kuma zaɓi igiya, bai gama saye ba sai ya haɗa da irin wannan allon. Ajantina ta wajabta igiyar kora ga manyan jiragenta masu daskarar da kifi tun 2018.

Labulen sanda ya bi ta wata hanya. Sandunan ƙarfe ne da ake kafawa a kusurwoyin bayan jirgi, wasu su miƙa gefe wasu su miƙa baya, igiyoyi masu roba a ƙasa suna reto daga jikinsu. Niyu Zilan ce gidansa, kuma dokarta ta fayyace siffarsa: kowace sanda ta fita aƙalla mita 4 daga jikin jirgi, tazarar igiyoyin kada ta wuce mita 2, ƙasansu kuma kada ya yi nisan fiye da rabin mita daga ruwa idan teku na kwance. Tun 2006 duk jirgin jan taru da ya kai mita 28 a ƙasar sai ya ɗauki ɗaya cikin uku: igiyar kora, ko labule, ko abin ratayawa a waya.

Daɗin labule shi ne ba ya neman kowa. Ana sauke shi a farkon tafiya a bar shi, ana jefi yana nan, ana jawowa yana nan, dare da rana. Ba ya jiran ma'aikaci ya tuna, ba ya jiran mai sa ido ya hau jirgi kafin a fito da shi daga akwati. Jami'in da ke tsaye a tashar jirage ma yana iya ganinsa da idonsa. Sandunan gefe kuma suna da wani amfani da igiya ba ta da shi: suna tare tsuntsayen da ke bin tarkace daga kafar zubarwa suna gangarowa ta jikin jirgi.

Aibinsa gajarta. Sanda mai mita 4 ko 5 ba ta kai inda waya ke shiga ruwa a jirage da yawa, kuma a nan gizo ke saƙa. Abin da ke raba gardama tsakanin igiya da labule awo ne da kowane kyaftin zai iya yi da ido: nisan da ke tsakanin bayan jirgi da inda waya ta taɓa ruwa. Tsayin kura, wato ƙafar ƙarfe mai juyawa da waya ke bi ta kanta, yana ƙara wannan nisan. Zurfin da ake su a cikinsa yana rage shi, domin in taru na can ƙasa sosai waya takan sauka a tsaye-tsaye ta shiga ruwa kusa da jirgi, in kuwa ruwan ba zurfi sai ta kwanta ta yi nisa a sarari. Jirgin da wayarsa ke nutsewa a cikin inuwar sandunan, labule zai yi masa aiki. Wanda tasa ke shiga ruwa mita 10 ko 15 a baya, labulensa ado ne. Tsuntsaye za su kewaye shi su sauka daidai kan waya. Shi ya sa sakamakon gwajinsa ya sha bamban daga wuri zuwa wuri. A Fokland bai kama ƙafar igiya ba. A kudu maso gabashin Ostireliya kuwa, inda masu jiragen da kansu suka ƙera irin nasu mai dogayen sanduna da labule mai kewaye waya, ya fi ƙwallon da suke ratayawa a da nesa ba kusa ba. Suna ɗaya ne, abin ba ɗaya ba ne. Wanda aka ce masa "labule yana aiki" ya tambaya: wane labule, a kan wane jirgi?

Sai kuɗi. Labule aikin maƙera ne da walda, ana auna shi da jikin jirgi, kuma babban raƙumin ruwa yana iya lanƙwasa sanda. Tsadarsa ta farko ta ninka ta igiya sau da yawa. Sai dai in an lissafa da cewa yana aiki a kowane jefi, ita kuwa igiya sai a jefin da aka sake ta, tazarar takan ragu. Igiyar da ke naɗe a cikin kwando ba ta kori tsuntsu ko ɗaya ba.

Na ukun, wato abin da ake maƙalawa a jikin wayar kanta, ba zan daɗe a kansa ba. Ƙugiyoyi ne ko zobba masu zamewa a kan waya, da zirin roba a jikinsu. A takarda ya fi kowanne ma'ana, tunda yana bin waya duk inda ta karkata, iska ba ta raba su. A teku kuwa, duk sanda za a ƙara ko a rage tsawon waya sai an cire shi, mai cirewar kuma yana miƙa jiki kusa da ƙarfen da ke ɗauke da nauyin tan da yawa. In bayan jirgi ya ɗaga, sai ya bar wani yanki na waya a buɗe daidai bakin ruwa, inda ake mutuwar. Yarjejeniyar kare albatros da danginsa tsuntsun fetirel, ACAP, wadda ta fara aiki a 2004 take da ofis a Hobart da ƙasashe 13, ba ta sa shi cikin abin da take ba da shawara a kai ba. Inda danginsa ya yi rawar gani shi ne ƙananan jirage: a mashigin San Jorge na Ajantina an sa mazurarin roba mai launi a kan kowace waya daidai bakin ruwa, bugu ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙaramin jirgi, waya kusa da hannu, tsuntsayen wurin kuma ba manyan albatros ne suka fi yawa ba. Kada a ɗauki wannan sakamakon a kai shi kan jirgi mai masana'anta a ciki.

Ostireliya tana da wani zaɓin, na feshin ruwa: bututu a kan sanduna suna watsa ruwa mai ƙarfi a kewayen waya. Yana aiki, amma famfo ne da injin da ke buƙatar kulawa, kuma iska na karkatar da feshin. Tun 2017 jiragen yankin kudu maso gabas suna zaɓa tsakanin labule, feshi, ko ƙwallo a kan waya, sai dai mai ƙwallo an haɗa masa da sharaɗin kada ya zubar da tarkacen kifi yana jan taru. Wannan sharaɗin ya faɗi gaskiyar da duk sauran ke kewayewa.

Abin da ke kiran tsuntsun

Igiya da labule da mazurari duk faɗa suke yi da yunwa. Tsuntsun da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita yana neman abin kai wa ɗansa, ya tarar da hanjin kifi na malala, zirin roba ba zai hana shi har abada ba. In taro ya yi yawa, na baya suna turo na gaba. Amma in ba a zubar da komai, bugun waya yakan faɗi ƙasa warwas ko da babu wata na'ura a bayan jirgi. Kusan duk binciken da aka yi ya dawo kan wannan. Shi ya sa ACAP ta sa sarrafa tarkace a gaba da komai, ta kuma jera hanyoyin bisa fifiko.

Mafi kyau a riƙe komai har a dawo tudu, ko aƙalla kada a zubar sai taru na kan jirgi. Na biye a mayar da tarkacen garin kifi a cikin jirgi, abin da zai fita ya zama ruwan wanki kawai. Wannan sai babban jirgi mai wurin kafa injin, amma shi kaɗai ne a cikin duk dabarun nan ke dawo da kuɗi, tunda garin kifi haja ce. Na uku a tara a tanki a riƙa saki lokaci guda, da sauri, maimakon tsiyaya ba yankewa. An gwada wannan sosai a Niyu Zilan: in aka yi tazara tsakanin zubarwa, tsuntsaye sukan watse ko su koma can baya su zauna, kuma shawarar da aka tsaya a kai ita ce a riƙe na awa 2 ko fiye. Na ƙarshe a niƙa tarkacen ya zama ƙanana kafin a zubar. Niƙa yana rage manyan albatros, waɗanda ba sa ɓata lokaci kan ɓarɓashi, amma ƙananan tsuntsaye ko a jikinsu. Wanda ya sayi injin niƙa yana zaton ya gama, rabin aiki ya yi.

Wahalar wannan hanya a fili take. Tanki yana cin wuri, kuma nauyin da ke motsi a cikinsa yana shafar daidaiton jirgi, don haka ba abin da za a liƙa wa tsohon jirgi da ka ba ne, sai injiniya ya duba. Ranar da taru ya cika da kifin da ba a so, tanki yakan cika kafin lokaci. A wurare masu zafi ga wari. Ga mai ƙera sabon jirgi kuwa babu uzuri: tanki, da hanyar da tarkace zai bi, da inda kafar zubarwa za ta fito, duk a kan takarda ake yanke su, kuma a nan suka fi araha. Ko matsar da kafar ta yadda tarkace ba zai bi ta ƙarƙashin waya ba yana da tasiri. Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi: a hana zubarwa sam lokacin sakin taru da lokacin jawo shi, wato daidai mintunan da igiyar kora ba ta cikin ruwa. Jirgin da ya zaɓi igiya bai kafa wannan ƙa'ida ba ya bar ƙofa a buɗe.

Hakanan kula da wayar kanta. A datse tsinin ƙarafan da ke mahaɗi a naɗe wurin, a kuma guji man shafawa mai danƙo irin na kwalta, wanda gashin ƙananan tsuntsaye ke mannewa a jikinsa.

Waya ta uku, da tarun kansa

Waya ta uku ta fi 'yan'uwanta haɗari ta wata fuska. Siririya ce, ba a ganinta sosai, daga wuri mai tsayi take fitowa, kuma takan yi nisa a sarari kafin ta taɓa ruwa, don haka tsuntsu yana karo da ita yana cikin tashi. A 1990 an kiyasta jiragen da ke su a kudancin Niyu Zilan sun kashe albatros mai farin kai kimanin 2,300, galibi ta wannan waya, ƙasar ta haramta ta a 1992. Hukumar CCAMLR mai kula da tekun Antaktika ita ma ta hana ta a tsakiyar shekarun 1990, ko da yake daga 2019 ta yi wa wasu jiragen kiril, wato ƙananan halittun teku masu kama da jatan lande, sassauci na gwaji bisa sharuɗɗa. Zaɓi a nan biyu ne. Ko a koma na'urar da ke aiko da saƙo ta sauti cikin ruwa ba waya, a huta gaba ɗaya. Ko kuwa, ga masu sun tsakiyar ruwa da ke cewa hoton bakin taru da waya ke kawowa ya fi tsabta kuma ba ya yankewa, a sa wata kura a bayan jirgi ta danno wayar ƙasa ta shiga ruwa kusa, a haɗa da igiyar kora. An gwada haka a jiragen kifin folok na tekun Bering a Alaska, inda waya ta uku ce ta ɗauki mafi yawan bugu. Kurar ta rage, igiyoyi biyu sun fi ta ragewa. Ni dai inda za a iya cire wayar, cirewar ta fi.

Mutuwa a cikin taru kuwa babu ruwanta da igiya ko labule. Tarun tsakiyar ruwa yana da manyan idanu, in yana kwance sako-sako a kan ruwa idanun suna buɗewa suna rufewa, tsuntsu mai nutso ya kutsa neman kifin da ya maƙale, ido ya rufe a kansa. A sun kifin ƙanƙara na Jojiya ta Kudu aka samo maganin lokacin saki: a ɗaɗɗaure tarun da igiyar sisal, wani zaren tsiro, mai tufka uku, wadda ke tsinkewa a nauyin kilo 110 ko kusa da haka, duk bayan mita 5, a sashen da idanunsa ke tsakanin milimita 120 da 800. Tarun sai ya shiga ruwa a dunƙule ya nutse da sauri, in allunan ƙarfe suka buɗe, igiyar ta tsinke can ƙasa inda tsuntsu ba ya kaiwa. A haɗa da tsince kifin da ya maƙale kafin a sake jefawa, da ƙara wa tarun nauyi. Lokacin jawowa ya fi wuya, babu wata na'ura da ta warware shi; abin da ake da shi shi ne gwanintar ma'aikata da lafiyar injin naɗi, a rage mintunan da taru ke yi a kan ruwa, a kuma riƙe shi a miƙe. A wannan sun CCAMLR ta ƙara da wani abu da ya fi kowace na'ura sa kyaftin ya mai da hankali: jirgin da ya kama tsuntsu 20 ya gama su a wannan kakar.

Masu tallan hasken lesa da na'urorin ƙara za su zo, da bidiyo mai kyau. Ƙara, tsuntsaye suna sabawa da ita. Lesa ba ta yin komai da rana, da dare kuma akwai fargabar lahani ga idon tsuntsu da na mutum, ACAP ma ta yi gargaɗi a kan masu ƙarfinta. A bar su.

In aka tattara, babban jirgi mai gyara kifi a ciki, mai wayar da ke shiga ruwa nesa, ya fara da garin kifi ko tanki, ya ɗora igiyoyi biyu masu allon da ke nisanta su da waya. Wanda ke su a zurfi, a teku mai yawan hauka, wayarsa kuma na nutsewa kusa, labule da aka auna da jikinsa zai fi yi masa, kuma babu laifi a ajiye igiya don ranar da aka koma ruwa marar zurfi. Ƙaramin jirgin da ke dawowa da kifinsa ba a feɗe ba, matsalarsa kifin da ake tsincewa ana watsarwa ne. Kwanduna kaɗan na tara shi har a jawo taru sun fi masa duk wani ƙarfe, mazurari ko gajeriyar igiya su zama ƙari. Mai tarun tsakiyar ruwa ya kashe kuɗinsa kan sisal da nauyi da cire waya ta uku tukuna.

Kowanne aka ɗauka, kada a auna shi da yawan gawar da ta hawo jirgi. A sa mutum, ko kyamara, a bayan jirgi lokacin da tarkace ke fita, a kalli waya ɗaya na minti 10 ko 15, a rubuta bugu nawa ne, nawa ne suka ja tsuntsu cikin ruwa, daga ina iska ke bugowa. A maimaita da na'urar da kuma ba ita, a ranar kwanciyar teku da ranar iskar gefe. In bugu mai nauyi bai ragu a ranar iskar gefe ba, a matsar da maɗaurin igiyar waje, ko a ƙara tsawon sandar, a sake ƙirgawa.